Fankar kwamfutata ta hana ni ɗaukar murya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan ɗakin ɗaukar murya a unguwar Zango, nan Damagaram, inda nake haɗa tallan rediyo da sanarwar biki. Tun shigowar bazara kwamfutar tebur ɗina take ruri kamar injin markaɗe, har makirufo na kwasar ƙarar. Wani ya ce in sayi fanka mai juyi 3000 a minti. In saya?

Mai karatu daga Zango

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Mai juyi 3000 za ta sanyaya, ba musu, amma sai ka gwammace kiɗa da karatu, don yawancin ƙarar daga gudun fiffiken take fitowa.

Kafin maganar saye, buɗe murfin gefe ka leƙa. Makon jiya aka kawo min wata nan shago, kusa da Kasuwar Dole, mai ita na rantsuwa fankarta ta mutu. Da na buɗe, ƙurar hunturun bara ce ta yi dambu a tsakanin haƙarƙarin ƙarfen sanyaya da ke zaune kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta daskare har ina ɓamɓaro ta da tsinke kamar ƙanzo. Iska ba ta da hanyar wucewa, shi ya sa fankar ke ta ihu a banza. Na hure ta, na sa sabon man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen, shiru kake ji. In za ka hure taka, danne fiffiken da yatsa kada iska ta riƙa wulwula shi.

In ka share ba ta daina ba, to a zo batun zaɓi. Dubi fankar silin da ƴar ƙaramar fankar tebur: babbar tana juyi a natse ta cika ɗaki da iska, ƙaramar sai ta yi ta zuga. Haka abin yake a cikin kwamfuta. In akwatinka na da gurbin fanka mai faɗin milimita 140, sa ta. In babu, 120. Masu 80 ɗin nan da ke zuwa cikin tsofaffin akwatuna su ne sarakan surutu.

A jikin kwali za ka ga CFM, wato yawan iskar da take turawa, da dBA, wato ƙararta. Arctic P12 tana ba da wajen CFM 56 a juyi 1800. Noctua NF-A12x25, ta kamfanin ƙasar Ostiriya, an rubuta mata dBA 22.6 a juyi 2000, sai dai tsada gare ta, kuma ban cika son kalarta mai ruwan ƙasa ba, ko da yake wa zai gani in an rufe murfi? Ƙarin dBA 10 kunne yana jin sa kamar ƙara ta ninka. Amma kada ka ɗauki lambar kwali kamar yankan wuƙa, kowane kamfani da yadda yake awonsa, kuma a sarari suke aunawa, ba a bayan raga ba.

Ragar nan kuwa a garinmu dole ce. Sa fanka biyu a gaba suna jawo iska ta cikin ragar tace ƙura, ɗaya a baya tana fitarwa. In mai shiga ta fi mai fita yawa, iska ce za ta riƙa tsiyayewa waje ta kowace kafa, ƙura ta rasa ta inda za ta saɗaɗo. Tunda raga na tare iska, na gaban su zama masu ƙarfin turi, wanda ake rubutawa mm H2O. Iskar tana fita ne ta fuskar da ke da sandunan da suka riƙe motar. Na sha ganin akwatin da aka ɗaura wa fanka uku duk suna hurawa waje.

Nemi mai fil huɗu, wadda ake kira PWM, don ka iya ja mata linzami a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta: ta yi kashi 35 cikin ɗari na gudunta muddin furosesa bai kai digiri 50 ba, ta hau a hankali, sai wajen digiri 80 ta saki gudu duka. A irin mazaunin da sandar fanka ke juyi a ciki kuwa, ka fi son mai FDB a kan mai sleeve, don man ta biyun yana saurin bushewa a zafi, daga nan sai gurnani.

Kuma fa a Afrilu da Mayu, lokacin da garin nan ke haura digiri 40, iskar ɗakin ce fanka ke hurawa, ba ta da wata. Ɗauke akwatin daga ƙasa ka ɗora kan benci, ka nisanta shi da makirufo ko da taku uku ne, bayan makirufon ya dubi wajensa. Ɗaukar da ta fi muhimmanci kuma ka bar ta sai bayan Asuba, kafin masu kabu-kabu su fito.