Hutun Farko a Jirgin Ruwa: Wanne Za Mu Shiga, Kuma da Gaske Ba Sai da Biza Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da maiɗakina mun daɗe muna tara kuɗi domin hutun mako guda a jirgin ruwa mai zagaya Bahar Rum daga Basalona. Ba mu taɓa shiga teku ba, ita kuwa ko doguwar tafiya a mota juya mata kai take yi. Babba za mu zaɓa ko ƙarami? Sannan wani ejan ya ce tikitin kaɗai ya isa, tunda a cikin jirgin za mu riƙa kwana. Gabana yana faɗuwa kada kuɗinmu su salwanta. Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Batun jiri mai sauƙi ne. Ku ɗauki babban jirgi, ku kama ɗaki a tsakiyarsa, hawa na ƙasa-ƙasa, nan tangaɗi ya fi raguwa. Ku guji goshin jirgi da can sama. Ku tafi tsakanin Mayu da Satumba, lokacin da tekun ya fi kwanciya. Hajiya ta ga likita kafin tafiya; idan kuma tana da juna biyu, yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da ya kai mako 24.

Maganar ejan ɗin nan ce ta tayar mini da hankali, domin kullum sai na ji ta. Ƙarya ce. Jirgin da ya tashi daga Basalona ya tsaya Marsel da Jenowa, Sifaniya da Faransa da Italiya ya shiga, kuma mai fasfon Najeriya ba ya taka ko ɗayansu sai da bizar Shengen, wato biza ɗaya ta shiga rukunin ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu. Ta yaya ma za ku isa Basalonar? Tun a filin jirgin sama za a mayar da ku. Wasu sai su ce, "To ba zan sauka ba, zan zauna a ɗakina." Ba ta fisshe ku. A bakin tasha ake duba takardun kowace ƙasa da ke kan hanyar, wanda bai cika ba a hana shi hawa, kuma sharuɗɗan tikitin sun ɗora nauyin biza a kan fasinja, ba a mayar da ko sisi. Ejan ya riga ya ci ladansa, ranar nan wayarsa a kashe za ku same ta.

Akwai wani tarkon. Idan jirgin zai leƙa Tunisiya ko Turkiyya ya dawo Italiya, kun fita daga Shengen ke nan, bizar shiga sau ɗaya ta mutu. Mai shiga da fita sau da yawa za ku nema, sannan ku bincika sharaɗin waccan ƙasar daban. Kuɗin bizar yuro 90 ne tun 2024, ana kuma buƙatar inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyin jinya na aƙalla yuro 30,000, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Kada ku biya kuɗin da ba a mayarwa biza ba ta fito ba.

A ganina, a wannan karon ku duba jirgin Aroya na Saudiyya, wanda ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024: ba giya, ba caca, abinci halal. Shi ma da tasa bizar. Kowanne kuka zaɓa, ku sa ejan ya ba ku jerin tashoshin a rubuce, ku tura wa kamfanin jirgin da kanku ya tabbatar.