Gidan kwali ya ɗauki bulo, Kawu ya ce haka za a gina masa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni matashi ne a Tudun Wada, Zariya. Shekara huɗu ke nan ina ƙera ƙananan gidaje da kwali da soso da tsinken tsire, don sha'awa kawai, ban karanci gini ba. Damuwata biyu ce. Ƙaramar ita ce da damina kwalin yakan lanƙwashe, gam kuma yana cinye mini soso. Babbar ita ta hana ni barci. Na ƙera wani bene a ma'aunin 1:50, da baranda mai fitowa mita 2 ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, na kwaikwaya daga wani hoto a Facebook. Kawuna ya gani ya ce shi za a ɗora a kan gidansa na bulo marar bene da ya gina tun ina yaro, har da tankin ruwa a sama. Birkilansa ya aza bulo mai inci 9 a kan samfurin, bai ko motsa ba, sai ya ce tunda kwali ya ɗauka ina ga siminti da rodi, kiran injiniya ɓarnar kuɗi ne. Bayan sallah za a fara. Matan Kawu biyu da yara tara ne a gidan. In wani abu ya faru, ni na jawo ke nan?

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Rashin barcin nan naka shi ne abu mafi hankali a cikin labarin gaba ɗaya, don haka kada ka nemi maganinsa tukuna.

Bari mu sallami ƙaramar. Kwali yana lanƙwashewa ne in gefe ɗaya ya sha laima ko fenti ɗayan bai sha ba. Ka riƙa shafa wa gaba da baya, ka manna falle biyu jijiyoyinsu a gicciye, ka danne da littattafai su kwana. Gam mai warin fetur da sufa gulu narkar da farin soso suke yi, ka koma farin gam na kafintoci, ba ya sauri amma ba ya ɓarna. Kada kuma ka raina ɓargon karan dawa, wanda muka yi motar kara da shi muna yara, yana yankuwa da reza sumul kuma kyauta ne. Sannan ka duba kaurin bangonka: a 1:50 bangon inci 9 milimita 4.5 ne, ƙofa mai mita 2.1 kuma santimita 4.2. Yawancin masu sha'awar nan suna sirantar da bango, sai ɗakuna su fito da faɗin da ba za a same shi a fili ba.

To, mu zo kan birkila da bulonsa.

Wannan magana ta "ƙarami ya tsaya, babba ma zai tsaya" kusan kullum sai na ji ta, in ba da kwali ba to da hoton waya. Kuma ƙarya ce mai kisa. Ka san lissafin ma'auni, don haka bi ni. In ka mayar da samfurinka gidan gaske, tsawo ya ninku sau 50, faɗi sau 50, tsayi sau 50. Nauyi ke nan ya ninku 50 × 50 × 50, wato sau 125,000. Amma gindin bango ko ginshiƙin da zai ɗauki wannan nauyi, faɗi da kauri kawai ke gare shi, 50 × 50, wato sau 2,500. Raba ka gani. Kowane ɗan wuri a jikin ginshiƙin gaske yana ɗauke da ninki 50 na abin da takwaransa na samfuri ke ɗauka, ko da da abu iri ɗaya aka yi su. Galileo na Italiya ya rubuta wannan tun 1638, amma ba sai ka je Italiya ba. Ƙadangare yakan faɗo daga ƙolin rimi, ya gyaɗa kai ya yi gaba. A jefo jaki daga nan mu gani.

Ko da za mu yi wa birkilan adalci mu karɓi gwajinsa, bulon nan kilo 20 ne da 'yan kai. Ninka shi sau 2,500, ya ba ka tan 50 da wani abu. Kankare mai rodi kuwa, kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi tana da nauyin kilo 2,400. Dekin mai kaurin santimita 15 ke nan kilo 360 ne a kowace murabba'in mita. In gidan Kawu ya kai murabba'in mita 150, dekin kaɗai tan 54 ne. Ba a ɗora bulo ko ɗaya na ɗakunan sama ba, ba filasta, ba tayil, ba kwano, ba gadaje, ba mutane, ba tankin da in mai lita 2,000 ne shi kaɗai tan 2 ne a wuri guda. Wato ko a lissafinsa ya faɗi jarrabawa.

Gaskiyar ma ita ce gwajin ba ya nufin komai, don kwali da kankare halinsu daban. Kwali yana da wuyar tsinkewa in ka ja shi, kuma gam ya mayar da samfurinka kamar akwati guda. Kankare gwani ne in danna shi ake yi, rago ne in jan sa ake yi, dalilin sa masa rodi ke nan. Duk ilimin yana wajen sanin ina ne ake jan, rodi mai kauri nawa, guda nawa, a wace tazara. Samfurinka ba ya ɗauke da amsar ko ɗaya daga ciki.

Barandar nan ita ta fi tayar mini da hankali. Ɗauki kara, danne rabinsa a kan tebur, ka danna bakin da ya fito waje. Ta ina zai tsage? Ta sama, daidai bakin teburin. Haka baranda marar ginshiƙi take: samanta ake ja, don haka rodinta a sama yake zama, kuma sai ya shige can cikin dekin ɗakin da ke bayanta ya kama. Birkilan da ya saba zuba dekin ɗaki, inda rodi ke kwance a ƙasa, haka zai shimfiɗa shi a baranda ma, da zuciya ɗaya. Wani lokacin ma an ɗaure shi daidai, sai leburori su bi ta kai da kwanon sarki su tattake shi ya nutse, a zuba kankare a rufe, ba wanda zai sake ganinsa. Baranda mai fitowa mita 2 da tsawon mita 4 ta kusa tan 3 ita kaɗai, kuma santimita 15 da wuya ya ishe ta kauri. Sai a yi mata katangar bulo a baki, sai ranar suna mata su cika ta suna leƙen tsakar gida.

Na taɓa zuwa wani gida ta wajen Hanwa, maigidan ya kira ni wai in duba masa "ɗan zanen filasta". Na hau sama, na ga tsaga ta bi gindin barandar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Na zura makullin motata ya shige har rabi. Sau biyu yana sa a cike ta da siminti a shafe da fenti. Muka ɗan fasa gefe, ga rodi can ƙasa kwance, inda ba ya tsinana komai. A ƙarƙashin barandar kuwa tabarma ce shimfiɗe, da allunan yara jingine da bango, nan ake karatun yamma. Ranar ban bar gidan ba sai da aka kafa tokara.

Duk wannan ma ban taɓo ƙasa ba. Gidan da aka gina don ya ɗauki kwano da silin kawai, harsashinsa na kwano da silin ne. Sau da yawa bulo mai inci 6 ne, ba ginshiƙi ko ɗaya, an haƙa ƙasa iyakar gwiwa. Kuma a Zariyar nan ba kowane fili ne tudu ba. Akwai unguwannin da suka gangara fadamar Kubanni, akwai filayen da tsofaffin kududdufai ne aka cike da bola aka yanka aka sayar. Ba mai tsayawa a tsakar gida ya ce maka harsashin zai ɗauka. Sai an haƙa gefensa a wurare biyu ko uku, an ga zurfinsa da faɗinsa da irin ƙasar da yake kai.

Abin da ke ba ni haushi, mu Zazzagawa ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarim, a shekarun 1830, ba shi da kwamfuta, amma magina irinsa sun san azara ba ta tsallaka fiye da kusan mita 2 ba tare da an tallafe ta ba. In ana son ɗaki mai faɗi ba sa cewa a nemo doguwar azara a yi addu'a, sai su canja dabarar gaba ɗaya, su ɗaure bakan gizo, su yi wa bango gindi mai kauri ya riƙa sirancewa yana hawa. Sun san girma yana canja hukunci. Kuma yaro yakan shekara da shekaru yana miƙa wa ubangidansa tubali kafin a bar shi ya rufa soro. Yau kuwa duk wanda ya sayi hular kwano da rigar lemo ya zama "Injiniya". Akwai masu zana gida a kwamfuta, su fito da shi har da mota a ƙofa da furanni, ba takardar lissafin rodi ko shafi ɗaya. Akwai masu sayar da hatimi, su buga a zanen da ba su karanta ba. Ofisoshin ba da izini su ma ba su taimaka ba, na sha kai fayil ya yi watanni yana shan ƙura, har mai gini ya gaji ya bi ta bayan gida. Duk na sani. Amma jinkirin ofis ba ya rage wa dekin kilo ɗaya.

In abu ya rufta kuma sai a ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Garin nan ya ga abin da rufi ke yi wa mutane a watan Agustan 2023, da wani sashe na Masallacin Juma'ar nan ya rufta ana sallar la'asar, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A Ikoyi ta Legas, a Nuwamban 2021, bene mai hawa 21 ya zube ana cikin gininsa, sama da mutum 40 suka mutu, kuma hotunan tallarsa sun fi wanda ka gani a Facebook kyau. Mutum ya kwantar da 'ya'yansa tara a ƙarƙashin tan hamsin da ba wanda ya lissafa, don ya tsira da kuɗin da sau da yawa bai kai na tayil ɗin falo ba, wannan ba tawakkali ba ne, ganganci ne.

Kada wannan ya sa ka jefar da samfurinka. Yana da aikin da takarda ba ta iyawa. Fitar da shi tsakar gidan Kawu, ka daidaita gabas ɗinsa da gabas na gaske, ka yanka ɗan mutum mai santimita 3.4 ka tsayar a ciki. Zauna da la'asar ka ga inda rana ke shiga. In manyan tagogin gilas irin na hoton Facebook ɗin suna kallon yamma, ɗakin tanda zai zama a watan Afrilu. Duba bangon gabas, don daga can hadarin farkon damina ke zuwa da iska, ko akwai abin da ya kare tagoginsa. In rufin irin ɓoyayyen nan ne da ake yayi, tambayi kanka ta ina ruwan Agusta zai fita, kakanninmu ba don ado suke sa indararo ba. Sannan ka sunkuya ka leƙa daga barandar, tsakar gidan wa take kallo? Na ga maƙwabtan shekara talatin sun daina gaisawa a kan baranda.

Amsar tambayarka kuwa, ƙera samfuri ba laifi ba ne, amma yanzu da ka sani, shiru zai zama laifi. Kada ka tunkari Kawu a gaban birkilansa, girma zai hana shi ja da baya. Bi ta wajen mahaifiyarka, 'yar'uwarsa ce, ta san lokacin da ake samunsa. Ka kai mata lissafin tan 54 ɗin nan a rubuce, ka yi mata gwajin kara a gabanta. Abin da za a roƙe shi guda ne: injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya zo ya haƙa harsashin ya gani, ya yi lissafi a rubuce, mai zane kuma ya kasance yana da rajistar ARCON, hukumar masu zanen gini, a nemi lambar rajistar kowannensu. A garin da sashen koyon zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yake, ga kuma kwalejin Nuhu Bamalli, ba a rasa wanda ya san aikin. In an zo zuba dekin, injiniyan ya ga rodi da idonsa kafin kankare ya rufe shi, kuma kada kafinta ya kwashe tokara bayan mako ɗaya don yana da wani aikin, kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa.

Kai kuma ka ɗauki tsinken tsire biyu ka kafa wa barandar ginshiƙai a samfurin tun yau, Kawu ya fara sabawa da ganinta haka. Ranar da injiniyan zai zo ka tafi da samfurin, ka tsaya kusa da shi lokacin da ake haƙa. Kafin nan kada a sayi rodi ko sanda ɗaya.