Kafin ki miƙa masa makullin sito: tambayoyin da za ki yi wa masu ba shi shaida

Hajiya, na karanta wasiƙarki a kan shagonki na sarin kayan masarufi da ke Kawo, da yadda tsohon mai kula da sito ya tafi ya bar miki giɓin da har yau ba ki gama cikewa ba. Kin ce wani matashi ya zo neman gurbin, ya kawo sunayen mutum biyu da za su yi masa shaida, amma kin samu labarin ya taɓa aiki a wani shago a Kakuri wanda bai ambata ba, kuma kina son ki kira mai shagon a ɓoye. Kin tambaya ko doka ta ba ki dama, da kuma ko za ki iya kama masu shaidar idan ya ci amanarki.

Zan fara da tambayar ta biyu, domin a nan ne 'yan kasuwa da yawa suke yin asara. Mai shaida daban, garanto daban. Wanda ya ce miki a waya, "Yaron kirki ne, na san iyayensa," bai ɗauki nauyin ko kwabo na dukiyarki ba, kuma da wuya kotu ta tilasta masa biya saboda wannan magana kaɗai. Idan kina son wanda zai biya, to ki nemi garanto wanda zai sa hannu a takardar da ta bayyana sunansa, da irin asarar da ya tsaya mata, da iyakar kuɗin da ya yarda ya biya, domin alkawarin biyan bashin wani abu ne da kotu take neman ganinsa a rubuce. Ki sa ya zo da kansa ya sa hannu a gabanki da shaidu, ki ajiye kwafin katin shaidarsa, domin takardar garanto da mai neman aiki ya tafi da ita gida ya dawo da ita a cike tana yawan zama abin musu.

Game da kiran ɓoye, ba na ba ki shawarar yinsa. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi duk mai tattara bayanan mutane don harkar kasuwanci, wadda ta buƙaci a samu halastaccen dalili, a kuma tsaya ga abin da ake buƙata kawai. Hanya mafi sauƙi ita ce yardarsa. Ki rubuta layi uku a takardar neman aiki cewa ya amince ki tuntuɓi waɗanda ya ambata da duk inda ya taɓa aiki, ya sa hannu da kwanan wata. Sannan ki dube shi ki ce, "Na ji ka yi aiki a Kakuri, me ya sa ba ka rubuta ba?" Amsarsa, ko ƙin sa hannunsa, za ta gaya miki abu mai yawa, kuma kina da cikakken 'yancin ƙin ɗaukarsa idan hankalinki bai kwanta ba.

Kafin ki yi tambaya ko ɗaya, ki tabbatar da wanda kike magana da shi. Wani mai shagon kayan gini da ya taɓa kawo mini ƙorafi ya kira lambar da aka ba shi a matsayin ta tsohon manaja, aka yabi yaron har da rantsuwa, sai bayan da buhunan siminti suka yi ɓatan dabo aka gano cewa abokin ɗakin yaron ne ya ɗaga wayar. Da ya tambaye shi ranar da suke ƙirga kaya ko sunan dilan da ke kawo musu, da asirin ya tonu tun a minti na farko. Saboda haka ki nemo lambar shagon ta wata hanya, ki duba sunan kamfanin a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, ko ki aika ɗanki ya ga wurin da idonsa.

Tambaya mai amfani ita ce wadda ba za a iya amsa ta da "lafiya lau" ba. Mutanenmu suna jin nauyin toshe wa wani hanyar abinci, don haka idan kika ce, "Yaya halinsa?" yabo kawai za ki ji. Ki tambayi abin da mutumin ya gani da idonsa: daga wane wata zuwa wane wata ya yi aiki, wa yake bai wa rahoto, ko ya taɓa riƙe makulli ko kuɗi, kuma har nawa ne suka fi wucewa ta hannunsa a yini. Ki tambaya ko an taɓa samun giɓi a lokacinsa, da yadda aka warware shi, da ko shi ya ajiye aikin ko sallamarsa aka yi. Ta ƙarshe ita ce wadda na fi ba muhimmanci: "Alhaji, da zai dawo gobe, za ka sake ba shi makullin sitonka?" Ki saurari jinkirin da zai yi kafin ya amsa, ki kuma rubuta amsoshin nan take tare da rana da lokaci, sannan ki gwada su da abin da yaron ya faɗa miki.

Akwai tambayoyin da nake roƙonki ki bari, kuma a Kaduna ba sai na yi dogon bayanin dalili ba. Addininsa, ƙabilarsa, ra'ayinsa na siyasa da lafiyarsa duk suna cikin bayanan da dokar 2023 ta ware a matsayin masu buƙatar kariya ta musamman. Dokar 2014 ta haramta nuna bambanci ga masu ɗauke da cutar ƙanjamau wajen ɗaukar aiki, dokar 2018 kuma ta haramta hakan ga masu buƙata ta musamman. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kaduna, ita ce sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba hurumin sauraron ƙarar nuna bambanci a wurin aiki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi da zai nuna miki ko mutum zai ƙirga katan ɗin madara daidai.

Idan aka gaya miki mummunan labari, to ki riƙe shi a matsayin amana. Doka tana ba tsohon maigida kariya daga ƙarar ɓata suna matuƙar ya faɗa wa mai haƙƙin ji abin da ya yi imani gaskiya ne ba tare da ƙeta ba, amma wannan kariya ba za ta bi ki ba idan kika tura maganar zauren WhatsApp na 'yan kasuwa kika kira yaron ɓarawo alhali babu kotun da ta kama shi da laifi. Ki kira shi ki ji ta bakinsa, domin na sha ganin inda rikicin albashin da aka hana yaro ya rikiɗe ya zama zargin sata a bakin maigida.

In kin yanke shawarar ɗaukarsa, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta miki ba shi sharuɗɗan aiki a rubuce cikin wata uku da farawarsa. Ki sa lokacin gwaji a ciki, da sharaɗin cewa gano ƙarya a bayanan da ya bayar dalili ne na sallama, kuma ranar da zai karɓi makulli ku ƙirga kayan sito tare, ku biyu ku sa hannu a kan adadin.