Zanen cike a manhajar zanen gini: shin sai an sayi mai tsada?

Tambaya: Ni mai zanen gidaje ne a Kano. Duk lokacin da na ba da umarnin HATCH, wato na cike wuri da zane, domin nuna kankare ko bulo, ko dai manhajar ta ƙi cike wurin, ko kuma ya fito baƙi ƙirin. Abokin aikina ya ce sai na sayi cikakken AutoCAD. Haka ne?

Amsa: Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna, domin waɗannan matsaloli biyu ba su da alaƙa da tsadar manhaja. Idan ta ƙi cikewa, galibi akwai kusurwar da layuka biyu ba su haɗu ba, ko da ratar ba ta kai milimita ɗaya ba. Ka kusanto da kowace kusurwa ka duba, ka haɗe layukan da umarnin FILLET bayan ka sa radius ɗinsa a 0, ko ka ɗan ƙara adadin HPGAPTOL domin manhajar ta kau da kai daga ƙananan ratoci. Ni dai na fi son a gyara layin, saboda ratar da aka bari za ta sake ɓata lissafin faɗin ɗaki daga baya.

Baƙin kuwa batun ma'auni ne. AutoCAD yana ajiye zanukan cike a fayil biyu: acad.pat na masu aiki da inci, da acadiso.pat na masu aiki da milimita, kuma bambancinsu ninki 25.4 ne. Wanda yake zane da milimita alhali manhajar tana ɗebowa daga fayil ɗin inci zai ga layukan ANSI31, wato zanen cike mai layuka a karkace, sun cushe har sun zama dunƙule guda, kwamfutar ma ta riƙa jan ƙafa. Ka mayar da saitin MEASUREMENT zuwa 1 domin manhajar ta koma fayil ɗin milimita, sannan ka daidaita sikelin zanen ciken. Ka kuma lura cewa AR-B816, zanen ciken da ke nuna bulo, an tsara shi ne a kan bulo mai inci 8 da 16, alhali bulon da maginanmu suke ɗorawa milimita 450 ne a tsawo da 225 a tsaye, don haka kada ka ƙidaya layin bulo daga wannan zanen ka miƙa wa mai gini.

Game da saye, AutoCAD LT, wato ƙaramin AutoCAD mai sauƙin kuɗi, yana yin duk wannan aikin, har da karɓar fayil ɗin zanen cike (PAT) da mutum ya rubuta da kansa. Abin da ya rasa shi ne ƙera siffa mai fuska uku (3D), wanda mai zanen filan da sashe ba ya cika buƙata. Sai dai tun 2016 kamfanin Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, biya ake yi wata-wata ko shekara-shekara, kuma ka san yadda canjin dala yake. BricsCAD da ZWCAD suna buɗe fayil ɗin DWG, wato irin wanda AutoCAD ke ajiye zane a ciki, kuma suna da lasisin da ake saya sau ɗaya. Ka ɗauki na gwaji, ka buɗe zanen da injiniyan da kake hulɗa da shi ya aiko maka, ka ga ko zanen ciken kankare na AR-CONC ya fito daidai a takarda kafin ka biya.

Tambaya: Ni ɗaliba ce a Zariya, ba ni da halin biya. Me zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Autodesk yana ba ɗalibai lasisin kyauta na shekara ɗaya wanda ake sabuntawa muddin ana karatu, amma ba a yarda a yi aikin kuɗi da shi ba. Akwai kuma LibreCAD, kyauta ne, ginshiƙinsa fayil ɗin DXF (tsarin musayar zane tsakanin manhajoji), kuma ya isa koyon rufe iyaka da daidaita sikeli, ko da yake bai kai waɗancan sauƙin sarrafa zanen cike ba. Ki guji kwafin sata da ake loda wa mutane a kasuwa, domin sau da yawa yana zuwa da ƙwayar cutar kwamfuta da za ta iya lalata miki aikin kammala karatu.