Zan iya haɗa kaji da zabi da agwagi da talo-talo a akurki ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da kajin gida kamar goma sha biyar, a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Bana na ɗauki adashi, ina so in ƙara zabi da agwagi da talo-talo biyu. Akurki ɗaya gare ni. Zan iya haɗa su duka, su ci tare su kwana tare?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka a kiwon. Tsakar gida ɗaya za ta ɗauki kaji da zabi da agwagi, amma akurki ɗaya da kasko ɗaya ba za su ɗauke su ba. Talo-talo kuwa, shawarata ki dakata da shi tukuna.

Bari in fara da shi, don nan ne mutane suka fi yin asara. Akwai wata 'yar tsutsa da ke zama a hanjin kaza, ƙwayayenta suna fita a cikin kashi, kuma a cikinsu ne wata ƙwayar cuta mai cin hanta take ɓuya. Kaza takan yi yawonta da ita ba tare da an ga alama ba, amma idan ɗan talo-talo ya tsinci abinci a wannan ƙasar sai ki ga ya saki fuka-fukai, ya daina ci, kashinsa ya koma ruwan ɗorawa, kwana kaɗan ya mutu. Ƙwayayen tsutsar kan yi shekaru a ƙasa ba su mutu ba, har tana, wato tsutsar ƙasa, ita ma takan ɗauke su. Don haka shara ba ta isa ba. Talo-talo yana bukatar filinsa daban, inda kaji ba su taɓa zama ba. Ga shi da tsadar ci: ƙaraminsa yana son abinci mai sinadarin gina jiki kusan kashi 28 cikin ɗari, alhali ɗan tsako kashi 20 ya ishe shi. Dusa da tsaba kaɗai ba za su raya shi ba.

Zabi su ne suka fi dacewa da abin da kike da shi, kuma da su nake so ki fara. Zabuwa tana zuba ƙwai da yawa da damina, sai dai ba ta iya raino ba: takan ja 'ya'yanta cikin raɓa da jiƙaƙƙiyar ciyawa, sanyi ya kashe su. Shi ya sa iyayenmu suke sa wa kaza mai kwanci ƙwan zabo, kuma har yau ban ga dabarar da ta fi wannan a ƙaramin gida ba. Amma ki lura da lissafi. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28. In kika haɗa su rana ɗaya, kazar za ta tashi da 'yan tsakinta ta bar na zabon su yi sanyi. Ko dai ki sa mata na zabo zalla, ko ki fara sa su, bayan mako ɗaya ki ƙara nata. In sun ƙyanƙyashe, ki tsare su da uwar a wuri busasshe mai ɗumi har wajen mako shida, kada su fita sai rana ta busar da raɓa. Ki ba su abincin 'yan tsaki, ki haɗa da gara in kina samu. Ruwansu a mazubi marar zurfi, ki zuba 'yan duwatsu a ciki, don sukan faɗa su jiƙe.

Agwagwa irin tamu mai jan fuska ba ta da wahala. Tana kwanci da kanta, kwana 35, kuma ta iya riƙon 'ya'ya. Matsalarta ruwa: duk kaskon da ta samu sai ta tsoma kai ta dagula shi, ta jiƙa wurin kwana, kuma danshi shi ne ke haifar wa 'yan tsaki zawon jini. Ki yi mata kaskonta nesa da na kaji, da ɗan wurin kwananta a ƙasa. Kada ki ba ta masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, 'ya'yan agwagwa ba sa jure gubar. Wannan gubar ce, a cikin garin gyaɗa, ta kashe talo-talo kimanin 100,000 a Ingila a 1960.

Wani abin da ya sa nake son a raba makwancinsu shi ne murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a wata gona da ke Jaji, Jihar Kaduna. Agwagwa tana iya ɗaukarta tana wasanta lafiya lau, kaji su yi ta faɗuwa. In kika ga suna mutuwa da yawa farat ɗaya, kada ki yanka, kada ki kai kasuwa, ki sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma.

Sai annobar hunturu, wadda muke kira Niyukasul. Tana kama kaji da zabi duka, kuma ba ta da magani sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wani mai suna I-2, wanda ya fi jure zafi. Ɗigo ɗaya ake yi a ido, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ki haɗa kai da maƙwabta ku sayi kwalba ɗaya, a yi wa kajin unguwa rana ɗaya kafin iskar hunturu ta kaɗa. Kuma duk tsuntsun da kika sayo a kasuwa, komai kyansa, ki keɓe shi aƙalla mako biyu, ki duba ƙarƙashin fuka-fukansa ko da kwarkwata, sannan ki sake shi cikin naki.