Ƙarfen baranda a Akra: wanne zai daɗe?

Ɗana, ka tambaye ni me za ka ce wa mai gida in ya nemi shawara kan makarin barandar benensa: baƙin ƙarfe, galbanaiz, sitenles (ƙarfen nan mai ƙyalli da ba ya saurin tsatsa) ko katako. Kafin a kai ga maganar kuɗi, tambaye shi unguwar da gidan yake. Iskar Teshie, Nungua, Labadi da Chorkor ɗauke take da gishirin teku, tana sauke shi a kan ƙarfe dare da rana. Abin da zai zauna lafiya a Madina ko Adenta, unguwannin da ke nesa da teku, a bakin ruwa ba ya jimawa tsatsa ta kama shi.

Baƙin ƙarfe ya fi araha, shi ya sa aka fi kawo mana aikinsa nan Nima. Nesa da teku babu laifi, muddin kaurin bututun ya kai milimita 2. A goge shi tas, a share maiƙon da ya zo da shi, a shafa jan fenti na hana tsatsa sau biyu, sai ya bushe a bi da fentin mai. Ka gaya wa mai shi tun farko cewa bayan shekara biyu ko uku sai an sabunta.

Galbanaiz ya fi shi juriya saboda tutiyar da aka lulluɓe shi da ita. Amma wutar walda tana ƙone tutiyar, daga nan tsatsa ke shiga. Kankare tutiyar wurin kafin ka ɗora wuta, ka yi aikin a fili don hayaƙinta yana sa zazzaɓi, in ka gama ka rufe mahaɗar da fenti mai tutiya.

Sitenles kuwa, nan ake cutar mutane. A ido duk ƙyalli ɗaya ne, alhali iri-iri ne. Lamba 201 nikel ɗinsa, ɗaya daga cikin ƙarafan da ake haɗa sitenles da su, kaɗan ne. A cikin ɗaki ya yi, a waje sai ka ga jajayen ɗigo sun feso masa. Lamba 304, mai kashi 18 na kuromiyam da 8 na nikel, shi ne na yawancin barandun gari. Gidan da ke kallon teku sai 316, wanda aka ƙara wa molibdinam kashi 2 zuwa 3, shi ke hana gishiri huda shi. Kada ka dogara da mayen ƙarfe, ba ya bambanta 201 da 304. Duba lambar da aka buga a jikin bututun, mai sayarwa kuma ya rubuta ta a rasit. Kauri kada ya gaza milimita 1.2, ginshiƙai 1.5. Sandar walda 308L ce ta 304, 316L ta 316. Faifan giranda ko burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe kada ya kusanci sitenles, domin ɓurɓushin da zai bari shi zai yi tsatsa, mai gida ya ce ka sayar masa da jabu.

Katako yana da kyau a hannu, ba ya zafi da rana. Busasshen katakon odum ko na tik za ka nema. Katakon da ake kira wawa ba na waje ba ne, gara da ruwa za su cinye shi. Hunturu kuma yana tsaga wanda ba a shafa wa mai ba.

Yanzu buɗe kunnenka. Kowane iri ka zaɓa, daga ƙafa makari yake mutuwa. Je ka duba tsohuwar baranda: sama lafiya lau, gindin ginshiƙi ya kumbura, siminti ya tsage a kewayensa. Ruwa ne ya shiga bututun ya kwanta, tsatsa ta kumbura ta fasa kankare. Don haka toshe saman kowane ginshiƙi, ka huda ƙaramin rami na milimita 6 dab da ƙasa don ruwa ya fita. Ni na fi son a yi wa ginshiƙi faranti mai kaurin milimita 6 a ɗaure shi da kusoshi huɗu masu noti, da a binne shi cikin siminti. Kusoshin ma su zama sitenles, kuma kada a huda dab da bakin dakali, yana ɓallewa.

Awo ba abin wasa ba ne, rayukan yara ne a hannunka. A bene tsayi ya kai mita 1.1, tazarar sanduna kada ta wuce santimita 10 don kan yaro kada ya shige, tsakanin ginshiƙai kamar mita 1.2. Sandunan su tsaya a tsaye. Masu kwanciya tsani ne ga yaro, ko mai gida ya nace don ado ka fahimtar da shi.

In ka gama, jingina da ƙarfinka ka girgiza kowane ginshiƙi kafin ka kira mai gida ya gani. In gidan na bakin teku ne, ka ce a riƙa wanke ƙarfen da ruwan famfo da sabulu ko sau ɗaya a wata, ban da bilic, domin yana cin sitenles.