Tambayi Likita: Ƙwayar Ƙiba, Shisha Da Maganin Tari

Tambaya: Likita, shekarata 19. Wata huɗu ke nan ina shan ƙwayar ƙiba da ƙawata ta ba ni. Na yi kumatu, amma ƙafafuna sai ƙara sirancewa suke yi. Lafiya kuwa?

Amsa: Ƙanwata, duba jikin kwalin. Sau da yawa abin da ake ba 'yan mata da sunan ƙwayar ƙiba deksametason ne, maganin da muke ba masu asma da kumburin gaɓoɓi. Yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki da bayan wuya, yana kuma cinye naman cinya da damtse. Daga baya sai hawan jini, ciwon sukari, rikicewar al'ada da raunin ƙashi su biyo. Amma don Allah kada ki yanke shi rana ɗaya, wannan ya fi komai damuna. Akwai wata 'yar halitta a saman ƙoda mai samar da irin wannan sinadari, kuma ta daina aiki tunda ana kawo shi daga waje. Yankewa farat ɗaya kan jawo amai da jiri, awon jini ya yi ƙasa har mutum ya suma. Ki ɗauki kwalin ki je asibiti cikin makon nan, a auna jininki da sukari, a rage miki shi a hankali.

Tambaya: An ce ruwan shisha yana tace gubar hayaƙin. Gaskiya ne?

Amsa: Sanyaya hayaƙin kawai yake yi. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya mutum na iya zuƙar hayaƙin da ya kai na taba kara 100 ko fiye. Ga gubar gawayi, ga haɗarin ɗaukar tarin fuka idan ana karɓa-karɓa da bakin bututu ɗaya.

Tambaya: Na tsinci kwalaben maganin tari a jakar 'yata mai shekara 16. Hankalina ya tashi, likita.

Amsa: Dole hankali ya tashi, Hajiya. Idan mai kodin ne, hanta na mayar da shi mofin, wani ƙaƙƙarfan maganin kashe zafin ciwo mai sa maye, shi ya sa yake kama jiki, yana kuma rage numfashi, balle an haɗa da tiramadol ko maganin barci. Kada ki fara da duka ko tona mata asiri gaban dangi. Ki keɓe da ita ki ji damuwarta, domin sau tari akwai abin da take ɓoyewa. Sannan ku ga likitan ƙwaƙwalwa tare. In kika tashe ta ta ƙi farkawa, numfashinta ya yi ƙasa, ki kwantar da ita ta gefe, a garzaya asibiti nan take.